Ranar da Saratu Ta Koma Coci

Duk wanda ya san cocin Hausa da ke bayan layin dogo a Agege a wancan lokacin, ya san muryar Saratu. Ita ce mai ba da waƙa a Zumuntar Mata. In ta ɗaga murya kiɗan tulu ya amsa, caki ya biyo baya, har Yarabawan da ke maƙwabtaka da cocin sukan leƙo ta taga. 'Yar Kagoro ce, amma ta daɗe a Legas har Yarabanci ya zauna a bakinta. A kasuwa a kira ta Bahaushiya, a Zango a ce da ita 'yar coci, ita kuwa ko a jikinta.

A shekarar da soja suka miƙa mulki, mijinta Irmiya, wanda ke gadi a wani kamfanin robobi a Ogba, ya yanke jiki ya faɗi a bakin aiki. A asibiti aka ce hawan jini ne. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya karye, magana ta koma gurnani. Ɗansu ɗaya ne, Kefas, shi kuma soja ne, yana can Saliyo inda aka tura su. Da aka sallamo Irmiya aka kawo shi ɗakinsu na haya, a irin gidan nan mai ɗakuna suna kallon juna da banɗaki ɗaya a baya, sai ya zamana daga shi sai Saratu sai Allah.

Mutum ne da a da ko buta ba ya son a miƙa masa. Yanzu sai an tayar da shi, sai an kwantar, sai an ba shi a baki. Wannan ya sa masa zafin rai. In abinci bai yi masa ba ya sa hannun hagu ya ture kwanon, in ta jima a waje ya yi ta dukan jikin gado har maƙwabta su ji. Ita kuwa tun asuba take fita ƙofar gida ta dasa kasko, ta soya ƙosai ta dama koko ta sayar wa mahautan da ke wucewa kwatar Oko-Oba da 'yan ci-rani masu neman aikin ƙarfi. Tana suya kunnenta na ɗaki.

Da farko 'yan coci sun yi ƙoƙari, ba a ƙi gaskiya ba. Fasto ya zo, dattawa suka zo, matan Zumunta suka cika ɗakin da addu'a har wasu na tsaye a baranda. Amma ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa gajiyar da masu dubiya yake yi. Damina ta wuce, wata ta zagayo, ƙafa ta ɗauke. Sai dai in an haɗu a hanya a ce, “Yaya mai jiki? Muna nan muna addu'a.”

Duk wannan Saratu ta shanye. Abin da ya tsaya mata a maƙogwaro shi ne Lahadi. Ranar Lahadi da safe unguwar kan cika da ƙarar lasifikokin coci-coci, mata su yi ta wucewa da ɗaurin kai da takalma masu tsini, ita kuwa tana bayan gida a durƙushe gaban baho tana cuɗa zanin gado. Tun tana yarinya ba ta san Lahadi ba tare da sujada ba. Yanzu ko addu'ar safe in ta fara, kafin ta kai amin an buga gado. Takan ji kamar an kore ta ne daga gaban Allah ba tare da an gaya mata laifinta ba.

Wata Alhamis tana wankin wake a bakin rijiya, maƙwabciyarta Asama'u ta fito da tukwane. Asama'u matar Baballe mahauci ce, ɗakinsu ne ke kallon na Saratu, Bakanuwa mai saurin dariya.

“Maman Kefas, wai me ke cin ki ne? Tun jiya nake jin kina ta tsaki ke kaɗai.”

Saratu ta tsiyaye ruwan waken ta ce, “Lahadin nan ranarmu ce ta Zumunta. Mata ne za su ja sujada daga farko har ƙarshe. An ce ma har da waƙar da na haɗa musu za a yi. Ni kuwa ga ni nan.”

“To ki je mana.”

“In bar shi da wa?”

“Da ni. Zama ne fa kawai. In sa kujera a bakin ƙofa, in yana son ruwa in ba shi. Abin da ba zan iya ba shi ne ɗaga shi ko gyara masa jiki, kin dai gane. Amma maigidana, Baban Bushra, yana dawowa daga kwata da hantsi, in da wani abu shi zai yi.”

Saratu ta yi mata godiya. Ranar ta ciro kayan Zumunta daga ƙasan akwati, farar riga da zani mai tambarin ƙungiya da farin ɗankwali. Duk sun yi warin ajiya. Ta wanke ta shanya, tana yi tana rera waƙar a hankali don ta ji ko muryar na nan.

Ranar Lahadi gari ya waye da ruwa, an kwana ana yi. Babu wuta, don haka da dutsen guga na gawayi ta goge kayan. Ta yi wa Irmiya wanka, ta aske masa gemu, ta canza masa kaya da shimfiɗa, ta ba shi koko. Ta kawo masa fo ta ce ya daure ya yi kafin ta tafi. Ya kau da kai. Ta roƙe shi, ya rufe ido. Ta haƙura ta je ta yi nata wankan, ta sa rigar, ta ɗaura zanin, ta tsaya gaban ɗan madubin da ke rataye tana kafa ɗankwali. Rabon da ta ga kanta haka har ta manta.

Tana cikin haka warin ya iso hancinta.

Ta juyo a hankali. Irmiya na kwance ya zuba wa rufi ido.

“Haba Baban Kefas! Haba!” Muryar da ta fito mata ita kanta ba ta san ta ba. “Ban kawo maka fo ba? Ban roƙe ka ba? Sai da ka ga na sa kaya? Rana ɗaya! Rana ɗaya tak na ce zan je in tsaya gaban Allah kamar kowa, ita ma ba za ka bar ni ba?”

Ya juya fuska wajen bango. Hawaye ya gangaro ta gefen idonsa ya shige kunne. Ta gani, amma ranta ya riga ya ɓaci. Ta tuɓe rigar ta rataye a ƙusa, ta ɗaura tsohon zani, ta ɗebo ruwa. Ta juya shi, ta goge shi, ta wanke shi, ta zare zanin gadon ta jiƙa a baho ta tura bayan ƙofa. Ta wanke hannu da sabulu har sau nawa, duk da haka in ta kai hanci sai ta ji kamar abin na nan.

Da ta sake shiryawa ta sunkuya za ta gyara masa matashi, sai ya kama bakin zaninta da hannun hagu. Riƙo ne na gaske, duk ƙarfin da ya rage masa a hannun nan yake.

“Sake ni, na makara.”

Bai saki ba. Ta sa hannu ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauki jakarta ta fita. Asama'u na zaune a bakin ƙofa da tiren shinkafa tana tsinta. Ta ji komai, amma abin da ta ce kawai shi ne, “A dawo lafiya. Ki sa mu a addu'a.”

Titi ya zama kogi. Kwatoci sun cika sun tumbatso, ledoji da ɓawon lemo na yawo a kai. Ɗan okadan farko ya ce ba zai shiga bayan layin dogo ba ko nawa za ta ba shi, na biyu ya kai ta rabin hanya injin ya sha ruwa ya mutu. Ta cire takalma ta riƙe a hannu, ta tattare zani ta kama tafiya. Wata motar haya, danfo, ta zo wucewa ta watsa mata ruwan taɓo a gefen riga, kwandastan ma yana ta kiran fasinja bai ko waiwayo ba.

Tun daga kan kwana ta jiyo waƙar. Tata ce, babu shakka, amma an yi mata sauri kamar ana korar ta, an sa jita da kibod sun danne tulu, sannan a tsakiya an liƙa mata wani amshi na Turanci. Mai ba da waƙar Rifkatu ce, wata matashiya da Saratu ta koya wa yadda ake jan numfashi kafin a ɗaga murya. Ta ƙara sauri, tana isa bakin ƙofa aka kai ƙarshe, tafi ya ɓarke.

Wani saurayi mai tsaron ƙofa, wanda ba ta taɓa gani ba, ya tare ta da hannu.

“Mama, a ɗan dakata, an shiga addu'a.”

Ta tsaya a waje, ƙafafu duk taɓo. Da aka ce amin ya nuna mata bencin ƙarshe. Matan Zumunta na can gaba sun yi fari fat, kujerar da ta saba zama kusa da mai tulu wata ce a kai. Da aka zo sanarwa aka ce baƙi su miƙe a marabce su, saurayin ya matso ya yi mata alama da hannu ta tashi. Ta yi masa wani irin kallo, ya ja da baya.

Mai wa'azin ranar ita ce Mama Afiniki, shugabar Zumunta, 'yar Biliri mai sayar da wake da gero a Oyingbo, mace mai jiki da murya. Saratu ta gyara zama ta ce a ranta, ko ba komai za ta ji Maganar Allah ta koma da ita. Injin wuta na ta ruri a waje, fanka na juyawa daidai kanta. Benci ya karɓi bayanta. Babu kasko a wuta, babu mai buga gado. Ta ji Mama Afiniki na cewa mai bin Yesu da ya daina taruwa da 'yan'uwa kamar garwashi ne da aka zare daga murhu, tun yana ja har ya zama toka. Ta so ta riƙe maganar ta ji inda za ta dosa. Idonta ya yi nauyi, ta murza shi. Ta ciji leɓe.

Hayaniyar jan benci ce ta farkar da ita. An gama wa'azi, an yi rawar baiko an tara kuɗin coci, an sa albarka, mutane na fita. Kanta na jingine da bango, ɗankwali ya zame, yawu ya jiƙa mata wuyan riga. Wasu yara biyu na tsaye suna kallon ta suna ƙunshe dariya.

Ta zauna kamar an dasa ta. Duk wahalar safiyar nan, tsawar da ta yi wa mara lafiya, taɓon da ta keto, ashe barci ta zo yi.

A farfajiya mata suka kewaye ta, ana ta sannu da zuwa, ana ta yaya mai jiki. Sai ga Mama Afiniki tana fifita da takardar tsarin sujada.

“A'a! Saratu, ashe kina Legas? Na hango ki ai daga sama, kina ta amsa wa'azi da ka.” Mata suka yi dariya. “'Yar'uwa, ki yi hankali fa. Shaiɗan da kaɗan-kaɗan yake janye mutum. Yau ciwo, gobe gajiya, jibi ka ga mutum ya yi sanyi. Ki riƙa daurewa kina fitowa. Shi ma maigidan ki kawo shi addu'ar Laraba mana, a ɗora masa hannu. Komai ai bangaskiya ne.”

Saratu ta juyo ta fuskance ta.

“In kawo shi a me, Mama? A goye?”

Dariya ta tsaya.

“Kin san nauyinsa? Kin san sau nawa nake juya shi kafin gari ya waye? Yaushe rabonki da ƙofar ɗakina? Dukanku nan, yaushe rabonku? Kun iya zare garwashi a baki. To wa ya zare ni? Ni na zare kaina? Na yi muku waƙa a bikin 'ya'yanku, na yi muku a jana'izar iyayenku, yau ni ce abin dariya don barci ya ɗauke ni a gidan Ubana. In Shaiɗan ne ke wanke kashi da asuba, to ku bar ni da shi, ya fi ku zumunci!”

Wata ta ce, “Yesu!” ta dafe ƙirji. Saratu ta ratsa ta tsakiyarsu ta fice, takalma a hannu.

Ta yi nisa kafin ta lura ana bin ta. Mama Afiniki ce, ta tattare zani tana keta ruwa tana haki.

“Tsaya nan, Saratu! Ni za ki tsinka a gaban mata ki wuce? Wallahi sai mun ƙarasa maganar nan, ko a ɗakinki ne!”

“Bismilla, hanya ai ba tawa ba ce.”

Haka suka tafi, ɗaya a gaba ɗaya a baya, masu shaguna na bin fararen rigunansu da kallo.

Suna shiga gida Saratu ta ga Asama'u tsaye a baranda tana murza hannu.

“Kada ki tsorata, Maman Kefas, da sauƙi. Bayan fitarki ya yi ta buga gado, na ba shi ruwa ya ƙi. Na ɗan leƙa tukunya, sai na ji timm. Ashe yunƙurawa ya yi zai sauko. Na kasa ɗaga shi, na fita titi ina neman wanda zan aika kwata, sai ga Baban Bushra Allah ya kawo shi.”

A ɗaki Irmiya na jingine da matashi, goshinsa da filasta, sanye da wata jallabiya ruwan toka da ta yi masa yawa. Baballe na zaune a kan bokitin da ya kife, hannun rigarsa a naɗe, yana ba shi labarin wani bijimi da ya ƙwace a kwata ya kori mahauta har bakin titi. Da ya ga matan ya miƙe.

“Sannu da dawowa, Maman Kefas. Goshin ne ya ɗan fashe, na wanke na sa masa magani. Ya jiƙa kayansa, ban san inda kike ajiye wasu ba, shi ne na sa masa tawa.”

“Malam Baballe, ban san bakin da zan gode maka ba.”

“Haba, ai maƙwabci ɗan'uwa ne. Lokacin da yake da ƙafarsa shi ke raka mini iyali asibiti in ina Arewa sayen shanu.” Ya dafa kafaɗar Irmiya. “Oga, sai na leƙo da yamma.”

Saratu ta zauna a bakin gado. Irmiya bai dube ta ba. Ta kai hannu ta taɓa gefen filastar, ya bar ta ta taɓa.

Mama Afiniki na tsaye a ƙofa, faɗan da ta ɗauko tun daga coci ya tsaya mata a baki. Ta dubi mutumin da ta sani da faɗin kafaɗa yana ɗaukar benci biyu a hannu ɗaya, yanzu wuyansa kamar na ɗan tsako. Ta dubi ledar da aka shimfiɗa ƙarƙashin zanin gado, da fo a ƙarƙashin kujera, da tabarmar da Saratu ke kwana a kai. Warin ɗakin kuwa ba ya ɓoyuwa.

“Yaushe ya rame haka?” ta tambaya a hankali.

“Da kin zo da kin gani.”

Mama Afiniki ta shigo ɗakin. Ta gaishe da Irmiya, ya ɗaga mata yatsu. Sannan ta sunkuya ta jawo bahon da ke bayan ƙofa, ta haɗa da jiƙaƙƙun kayan da Baballe ya tara a gefe, ta ɗauka ta nufi bayan gida.

“Mama, ajiye. Ba aikinki ba ne.”

“Ina sabulu?”

“Na ce ki ajiye. Kayan jikinki fari ne.”

“Naki baƙi ne? Kawo sabulu, Saratu, kada ki sa in ƙara yin wani zunubin yau.”

A bakin rijiya suka durƙusa su biyu, ɗaya na cuɗawa ɗaya na ɗauraya. Da Mama Afiniki ta warware zanin gadon ta kau da fuska, ta yi tari, amma ba ta saki ba.

Can Saratu ta ce, “Ki gaya mini gaskiya, Mama. Na zama toka ke nan?”

“Abin da na faɗa a kan taruwa ban janye ba, taruwa dole ce. Amma da na san haka ɗakin nan yake, da ban buɗe baki na yi miki ba'a ba. Wannan kam na yi wauta.” Ta matse hannun riga ta jefa a bokiti. “Ke wannan aikin da kike yi dare da rana, wa kike yi wa?”

“Wa nake yi wa kuwa? Mijina. In ban yi ba wa zai yi?”

“Ubangiji Yesu da kansa, da zai rabu da mutanensa, ai tawul ya ɗaura ya bi ƙafafunsu da ruwa. Ya ce su ma su yi haka. Ni a ganina, abin da muke yi a coci da tulu da caki, ke kina yin sa a nan da baho.”

Saratu ta yi wata 'yar dariya mara daɗi.

“Kada ki shafa mini mai a baki, Mama. Shi da ƙauna ya yi nasa. Ni ina yi ina tsaki. Wani lokaci ina goge shi ina cewa a raina, yaushe wannan abu zai ƙare, kuma na san me ƙarewarsa take nufi. Yau tsawa na yi masa har ya yi hawaye. Ya riƙe zanina, na ɓamɓare yatsunsa na tafi, ya faɗo ya fasa goshi. Wannan ce sujadar? Wane Allah ne zai karɓi irin wannan?”

Mama Afiniki ta tsaya da cuɗar, kumfa na ɗiga daga hannunta.

“Ban sani ba, Saratu. Ni ba fasto ba ce, wake nake sayarwa. Amma ke a zatonki duk waɗanda suka yi rawar baiko ɗazu da farin ciki suka zo? Wata da yunwa ta zo, wata mijinta ya kwana a waje, wata ba ta magana da wadda ke gefenta. Haka muke kawo kanmu, Ya karɓa. Wanda ya ji tsakin naki ai bai rufe ido ga hannun ba. Kin yi tsaki, amma kin wanke shi. Gobe ma za ki wanke shi.”

“Ni dai ba ya yi mini kama da sujada. Wari yake yi mini.” Ta jefa guga a rijiya da ƙarfi. “Ni so nake in tsaya cikin mutane in buɗe bakina in yi waƙa. Shi ke nan abin da na roƙa. Ya yi yawa?”

“Bai yi yawa ba. Wannan kam haƙƙinki ne, mu muka danne shi.” Mama Afiniki ta dafa gwiwa ta miƙe da ƙyar. “Zan yi wa mata magana ranar Talata. Duk Lahadi wata ta zo ta zauna da shi, ta zo da mijinta ko ɗanta saboda ɗagawa. Kuma ki shirya, sai kin ba su haƙuri kan maganar Shaiɗan ɗin nan.”

“Su fara zuwa tukuna.”

Suka shanya kayan a igiya, ko da yake hadari na sake haɗuwa. Kafin ta tafi Mama Afiniki ta shiga ta yi addu'a gajeriya, ba irin mai tsawon da ta saba ba. Asama'u ta kawo musu shinkafa da miyar tantaƙwashi, suka ci a baranda su uku. Bayan an watse Saratu ta zauna kusa da Irmiya da kwano, ta ce, “Baban Kefas, ka yi haƙuri da abin da na yi da safe.” Ya daɗe yana kallon ta, sannan ya buɗe baki ya karɓi cokalin.

Lahadin da ta biyo baya Mama Afiniki da kanta ta zo da mijinta, tsohon ɗan sanda, suka zauna da Irmiya. Saratu ta je sujada da wuri, ta zauna a gaba, ta yi waƙa har muryarta ta dushe. Ta bayanta ma wata ta zo, ko da yake wannan wa'azi ta yi ta yi wa mara lafiya har ya ture mata kofi. Saratu ta fara sakin jiki.

Sai aka zo Lahadin Rifkatu. Saratu ta gama komai da wuri, ta yi wanka ta sa kaya, ta fito ƙofar gida tana duban hanya. Masu zuwa coci suka wuce, 'yan makara ma suka wuce. Asama'u da Baballe sun tafi suna a Mile 12 tun da safe. Rana ta ɗaga, lasifikoki suka kaure da waƙa ta ko'ina. Daga baya ne ta ji wai baƙi ne suka sauka wa Rifkatu daga gida, ta manta ba ta aiko ba.

Daga ciki aka fara buga gado.

Saratu ta yi tsaki mai tsawo. Ta koma ɗaki ta cire ɗankwali ta wurga kan akwati, ta tuɓe rigar ta rataye, ta ɗaura tsohon zani. Ta ɗebo ruwa a baho, ta surka da na zafi, ta gwada da gwiwar hannu. Ta durƙusa a gaban gadon ta matse tsumma, sannan ta ɗaga kai ta dubi silin ɗin da ruwa ya yi wa taswira.

“To, ga shi nan,” ta ce. “Ni dai raina a ɓace yake, Ka sani. In kana karɓa, Ka karɓa.”

Ta sa hannu ƙarƙashin kafaɗar mijinta ta juya shi a hankali.